Ƙarancin mai a inji da shaƙewar mota: Yadda ake gano matsalar a motocin da aka yi wa sauye-sauye a iyakar Jibiya

Hanyar da ta tashi daga birnin Katsina ta bi ta Magama a Ƙaramar Hukumar Jibiya, ta tsallaka Ɗan Isa ta nufi Maraɗi, hanya ce mai cin mota. Golf da Sharon da J5 da Hiace, da ragowar Peugeot 504 da 505 irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, su ne ke jigilar mutane da hatsi da dabbobi a kanta, sau da yawa da lodin da ya zarce abin da aka ƙera su dominsa. Kaɗan ne daga cikin waɗannan motoci suke nan yadda kamfani ya fito da su. Wata an sauya mata inji, wata an faɗaɗa tankinta, wata an cire mata nozul an ɗora kafireta, wata an huda salansarta an zare katalis, wata kuma an mayar da ita mai amfani da iskar gas.

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da direbobin irin waɗannan motoci suka fi kai wa kanikawa akwai shaƙewa: a taka totur, mota ta yi jim kamar za ta mutu, sannan ta fizga ta tafi. Wani lokaci tana tari ta wajen shan iska, wani lokaci ƙarfinta ya ƙare a daidai lokacin da direba ya fito zai wuce tirela. Mafi yawan lokaci tushen wannan shi ne mai ya yi wa iska kaɗan a cikin silinda. Matsalar tana da sauƙin magani idan an bi ta a tsanake, tana kuma iya kashe inji gaba ɗaya idan aka yi sakaci. A kan hanyar da ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga, mutuwar mota a tsakiyar daji da magariba ta wuce batun asarar kuɗi.

Ma'aunin iska da mai

Injin fetur yana ƙona haɗin iska da mai ne. Domin fetur ya ƙone ƙurmus ba tare da ragowa ba, kowane giram 1 nasa yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Idan mai ya fi haka yawa, haɗin ya yi kauri: mota ta riƙa baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa ƙarewa da wuri. Idan kuwa iska ce ta rinjaya, haɗin ya tsinke, kamar kunun da aka cika wa ruwa. Wannan tsinkakken haɗi shi ne abin da ake magana a kansa a nan.

Ba kullum inji ke son ma'auni ɗaya ba. A tafiyar hankali a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, 14.7 ya wadatar. Amma idan aka take totur har ƙasa, ko ana hawan tudu da lodi, inji yana buƙatar haɗi mai ɗan kauri, tsakanin 12.5 da 13, domin rarar man tana ƙara ƙarfi tana kuma rage zafin cikin silinda. Haka nan a daidai lokacin da aka buɗe totur farat ɗaya, iska tana rugawa ciki kafin mai ya biyo ta, saboda mai ya fi ta nauyi. Shi ya sa yawancin kafiretoci suke da ɗan famfo mai tsarta ƙarin mai a wannan lokaci, kowace kwamfutar mota kuma, wadda kanikawa ke kira biren-bos, take ƙara tsawon lokacin buɗe nozul. Idan wannan ƙari bai samu ba, sai a ji shaƙewar nan.

Barnar da tsinkakken haɗi ke yi tana zuwa ne a ƙarƙashin lodi. Zafin silinda yana hauhawa, ragowar haɗin ya riƙa fashewa da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Idan aka daɗe a haka, bawul ɗin salansa ya ƙone, gasket ya tashi, kan fistin ya narke ko ya huje. Idan haɗin ya tsinke ƙwarai kuma, ƙonewarsa takan yi jinkiri har bawul ɗin shan iska ya sake buɗewa wuta ba ta mutu ba, sai wutar ta koma baya ta fashe a manifol. Wannan shi ne tarin da ake ji.

Abin da ya sa matsalar ta yawaita a bakin iyaka

Dalilai uku ne suka haɗu. Na farko shi ne ingancin man da ake samu. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a watan Nuwamban wannan shekara kuma Hukumar Kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Jibiya tana cikin wannan da'ira, kuma ba a sake buɗe iyakarta ba sai a watan Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A tsawon waɗannan shekaru direbobi da yawa sun dogara da man jarka da galan na 'yan bumburutu, wanda kan zo da ƙura da tsatsa da ruwa, wani lokaci har da gaurayen kananzir. A ɗaya ɓangaren iyakar ma, matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba kullum take ƙosar da buƙatar Nijar ba, don haka cinikin man kwalba bai taɓa ɗaukewa ba.

Na biyu shi ne yanayi. Ƙurar hunturu tana toshe filta tana kuma lulluɓe na'urorin auna iska. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, yana busar da roba har ta tsattsage, yana kuma iya tafasa fetur a cikin bututu.

Na uku shi ne tsadar mai. Tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi suka ƙara matsa wa kanikawa da a rage wa mota shan mai. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa ƙaramin jet a kafireta ko a shaƙe sukurun haɗi. Mota za ta rage sha kaɗan a tafiyar hankali, amma da lodi sai direba ya ƙara take totur domin ya sami ƙarfin da ya saba, ribar ta zube, injin kuma ya shiga hatsari. Kuɗin buɗe inji guda ya ninka abin da aka tara daga wannan tsimi sau da yawa.

Tambayoyi kafin a ɗauki sifana

Bakaniken da ya san aikinsa yakan fara da tambaya. Me aka sauya a motar, kuma yaushe? Shaƙewar ta fara kafin sauyin ko bayansa? A ina aka sha mai na ƙarshe? Amsar da ta fi kowace amfani ita ce ta lokacin da matsalar ke bayyana, domin ita ke nuna ɓangaren da za a duba.

Idan inji yana rawa a silo, ko silon yana hawa yana sauka, amma yana daidaita idan an ba shi wuta, alama ce ta iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan silo lafiya lau ne amma ƙarfi yana ƙarewa a gudu ko a tudu, alama ce ta mai ba ya isowa yadda ake buƙata. Idan shaƙewar ta lokacin taka totur ce kawai, sai a duba ɗan famfon kafireta ko sansar totur. Idan mota tana tafiya daidai da safe amma ta fara bayan tafiyar minti 20 ko 30, sai a zargi numfashin tanki, ko famfon mai da ke raunana idan ya ɗau zafi, ko koyil. Idan kuma a kwana ko a kan gargada take yi, musamman mai ya yi ƙasa, to tanki ne abin dubawa.

Fulogi ma yana ba da shaida. Farin kan fulogi na injin da ke lafiya yakan zama ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka. Idan ya yi fari fat, ko ya nuna ƙuraje da ɗigo-ɗigon ƙarfe, zafi ya yi yawa. A jera fulogan bisa tsarin silinda: idan duka suka yi fari, matsalar ta shafi injin gaba ɗaya, idan ɗaya ne kawai, nozul ɗin wannan silinda ne ko gasket ɗin manifol a gefensa. Sai dai a motocin zamani fulogi mai haske ba lallai ya zama alamar ciwo ba, don haka ba a yanke hukunci da shi kaɗai.

Karanta abin da kwamfuta ke faɗa

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu amfani da fetur da aka sayar a Turai daga 2001, suna da soket guda na bai-ɗaya, wanda ake kira OBD-II, inda ake jona sikana. Yawancin motocin da ake shigowa da su ta Kwatano suna cikin wannan rukuni. Lambar P0171 tana nufin haɗi ya tsinke a layin silinda na farko, P0174 kuma a layi na biyu ga injin da ke da layi biyu. P0300 tana nufin inji yana tsallake wuta a silinda daban-daban. Waɗannan lambobi suna faɗin abin da kwamfuta ta gani ne, ba su faɗin abin da ya lalace. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga P0171 a je a sayi sabuwar sansar salansa, alhali ita gaskiya ta faɗa.

Abin da ya fi lamba amfani shi ne adadin gyaran mai. Sansar da ke jikin salansa, wadda kamfanin Bosch ya fara fitarwa aka sa a motocin Volvo a 1976, tana auna ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙi. Idan ta ga oksijin ya yi yawa, kwamfuta ta ƙara mai, sikana kuma ta nuna yawan ƙarin a matsayin kaso cikin 100. Akwai gyara na nan take da gyara na dogon lokaci, kuma ana haɗa su biyun ne a karanta. Ƙari ko ragi na kashi 5 ba abin damuwa ba ne. Idan ya haura kashi 10, akwai abin bincike. Yawancin kwamfutoci ba sa iya ƙarawa fiye da kimanin kashi 25, daga nan sai fitilar gargaɗi ta kama.

A karanta adadin sau uku bayan inji ya ɗau zafi: a silo, a juyi 2,500 a minti, sannan a kan hanya da lodi. Idan ƙarin yana da yawa a silo amma ya sauka a juyi 2,500, iska ce ke shiga ta ɓaraka, domin ɓaraka ɗaya tana da tasiri sosai lokacin da iskar da inji ke sha kaɗan ce, tasirinta kuma yana dusashewa idan totur ya buɗe. Idan ƙarin kaɗan ne a silo amma yana hauhawa da gudu da lodi, famfo ne ko filta ko sansar iska mai datti. Idan yana da yawa a ko'ina bai ɗaya, a zargi nozul da ba na injin ba, ko raunin matsin mai, ko gurɓataccen fetur.

Akwai gwaji guda mai muhimmanci ga motar lodi. A tsohuwar irin sansar salansa, wutar da take fitarwa tana kai-komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Idan aka take totur har ƙasa a kan hanya, ya kamata ta tsaya sama, wajen 0.8 zuwa 0.9. Idan ta faɗo ƙasa a wannan lokaci, inji yana aiki da tsinkakken haɗi a daidai inda hakan ya fi hatsari, kuma bai kamata a ci gaba da ɗora wa motar kaya ba sai an gyara.

Ɓarakar iska

Wuraren da iska ta fi sata su ne babban tiyon roba da ke tsakanin sansar iska da totur, gasket ɗin manifol, tiyon da ke zuwa tukunyar birki, ƙananan tiyoyin da ke shaƙar tururin inji, da zoben robar nozul. A motar da aka sauya wa inji, sau da yawa akan bar wasu kafofin manifol a buɗe, ko a toshe su da ƙusa da leda, wanda zafi kan sassauta.

Babban tiyon nan yana da wata yaudara. Tsagar takan ɓuya a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, ta kasance a rufe lokacin da mota ke tsaye. Da an saki kuloci inji ya karkata, sai tsagar ta buɗe, mota ta shaƙe, inji ya koma mazauninsa, ta rufe, mota ta fizga. Idan robar da inji ke zaune a kanta ta mutu, abin ya fi tsanani. Sai an cire tiyon an lanƙwasa shi a haske ake ganin tsagar.

Hanya mafi aminci ta gano ɓaraka ita ce a kashe inji a hura hayaƙi cikin manifol a ga inda yake fita. Idan babu na'urar, a fesa ruwa kaɗan-kaɗan a kan mahaɗai inji yana silo, a saurari inda sautinsa zai sauya, ko a matse tiyoyi ɗaya bayan ɗaya da filaya. Al'adar watsa fetur a kan inji mai zafi domin wannan gwaji ta ƙona motoci da hannaye, ya kamata a bar ta.

Ɓaraka a salansa kafin sansa tana haifar da akasin haka. Iskar waje tana shiga ta tsagar, sansa ta ɗauka haɗi ya tsinke, kwamfuta ta yi ta ƙara mai a injin da ba ya buƙata. Wannan ya zama ruwan dare a motocin da aka yanke salansarsu aka cire katalis aka yi walda cikin gaggawa. Alamarsa ita ce sikana tana nuna ƙarancin mai, amma fulogi baƙi ne, mota kuma tana zuƙar mai.

Hanyar mai daga tanki zuwa nozul

Injin nozul na yau da kullum yana aiki da matsin mai na kimanin bar 3 zuwa 4, gwargwadon irin motar. Ganin mai yana tsartuwa idan an kwance bututu ba hujja ba ce. Sai an jona agogon auna matsi. A auna a silo, sannan a auna ana ba da wuta, mafi kyau a kan hanya. Famfon da ya gaji yakan riƙe matsi a silo ya sake shi da lodi. Kafin a yanke masa hukunci, a sauya filtar mai, a duba ragar da ke bakinsa a cikin tanki, a kuma auna wutar da ke isa gare shi. Famfo mai lafiya da aka ja wa siririyar waya, ko aka ɗaure masa waya a jikin ƙarfe mai tsatsa, ba zai ba da cikakken ƙarfinsa ba.

Tankin da aka faɗaɗa ko aka ƙara yana da nasa matsaloli. Tankin kamfani yana da shingaye a ciki da ɗan kwano da ke riƙe mai a bakin famfo. Na maƙeri sau da yawa fili ne kawai, don haka idan mai ya yi ƙasa, da an sha kwana sai ya gudu gefe, famfo ya zuƙi iska. Ɓurɓushin walda da tsatsa suna toshe raga. Sannan kowane tanki yana buƙatar kafar numfashi, domin iska ta maye gurbin man da aka zuƙe. Idan aka toshe ta, bayan ɗan lokaci tankin ya riƙa riƙe man, ƙarfi ya yi ta raguwa. Gwajinsa shi ne a tsaya a buɗe murfin tanki: idan aka ji iska ta ruga ciki da ƙarfi, kuma mota ta warware bayan haka, an sami inda ciwon yake. Ban da wannan, tankin da aka yi wa walda aka ajiye a ƙarƙashin kujerar fasinja hatsarin gobara ne, kuma yana jawo wa mai motar tuhumar fasa-ƙwauri a shingen jami'ai.

Shi kansa man a gwada shi. A zuba kaɗan a kwalba mai haske a bar shi ya kwanta: ruwa zai taru a ƙasa, datti ma haka. Gaurayen kananzir yana sa wahalar tashi da safe da ƙarar ƙwanƙwasa. Gaurayen sinadarin methanol kuwa yana tsinka haɗi kai tsaye, domin shi giram 6.4 na iska kawai yake buƙata. Idan kashi 10 na nauyin man methanol ne, ma'aunin ya sauka daga 14.7 zuwa kimanin 13.9, wato inji yana buƙatar ƙarin mai na kusan kashi 6. Kwamfuta za ta iya cike wannan giɓi, kafireta ba za ta iya ba. 'Yan Najeriya sun ga misalin haka a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wanda ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai.

Injin da aka sauya

Idan an ɗora inji amma aka bar kwamfutar tsohon, lissafi ya rikice. A motocin da ke ƙiyasta iska ta hanyar auna matsin manifol, kwamfuta tana aiki ne da girman injin da aka rubuta mata. A ɗauka an cire injin lita 1.6 an sa na lita 2.0. Sabon yana shan iska da ta fi ta tsohon da kashi 25, don haka idan nozul bai sauya ba, kwamfuta za ta buƙaci ƙara mai da kashi 25 kafin ta kai daidai, wato iyakar abin da take iyawa. A lokacin cikakken totur kuma, yawancin kwamfutoci sukan daina sauraron sansar salansa su koma ga jadawalin da ke cikinsu, sai tsinkewar ta fito fili. Ƙa'ida ita ce inji da kwamfuta da nozul da sansar iska su zama 'yan gida ɗaya. A duba lambobin da ke jikinsu, kada a dogara da kamanni.

Sansar iska mai siririyar waya tana da saurin kamuwa da ƙura, musamman inda aka cire filta ko aka sa wadda ba ta zauna daidai ba. Idan datti ya lulluɓe wayar, sai ta riƙa faɗin iska ƙasa da wadda ke shiga, musamman a gudu. A injin lita 2 mai zafi, a silo, sikana takan nuna kimanin giram 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Ana wanke ta da maganin fesawa da aka yi dominta, ba a taɓa wayar da hannu ko tsumma. Sanya ta a cikin bututun da ya fi nata faɗi shi ma yana sa ta faɗi ƙasa da gaskiya.

Motar kafireta

A 504 da 505 da tsofaffin Golf, da motocin da aka mayar kafireta, bincike na ido da kunne ne. Inji a kashe, a cire murfin filta a leƙa maƙogwaron kafireta, a ja totur da hannu: ya kamata a ga mai ya tsartu nan take, siriri mai ƙarfi. Idan bai fito ba ko ya yi ɗigo, fatar ɗan famfon ta mutu ko kafarsa ta toshe, kuma wannan shi ne mafi yawan dalilin shaƙewa a tashi. Bayan haka a duba tsayin mai a kwanon kafireta, a wanke jet na silo da babban jet da iska mai ƙarfi. Zura waya a jet yana faɗaɗa shi ya ɓata ma'auni. A girgiza sandar totur a ji ko ta yi lako-lako, domin iska na shiga ta nan, a kuma duba gasket ɗin gindin kafireta.

Gwaji mai sauƙi shi ne na cok. Idan aka ɗan ja cok a lokacin da mota ke shaƙewa sai ta warware, haɗin ya tsinke. Idan ta ƙara muni, a nemi matsalar a wani wuri. Motar da aka buɗe wa salansa ko aka sauya wa filta mai sakin iska takan buƙaci jet da ya ɗan fi girma. Wadda aka mayar daga nozul kuma tana buƙatar famfo mai sassauƙan matsi, ƙasa da rabin bar, da distiributa mai sa taimin gaba yadda ya dace. A lokacin bazara, bututun mai da ya bi kusa da salansa yakan sa fetur ya zama tururi, mota ta ƙi tashi bayan ɗan tsayawa. Maganinsa a janye bututun daga zafi ko a yi masa kariya.

Motar gas

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG a watan Agustan 2023, irin waɗannan motoci suna ƙaruwa a manyan hanyoyin Arewa. Gas yana buƙatar iska kimanin giram 17 ga kowane giram 1, yana cin wuri a cikin silinda, don haka raguwar ƙarfi ta kimanin kashi 10 abu ne da aka sani. Shaƙewa da tari kuwa alamar rashin saiti ne. Gwajin farko shi ne a mayar da motar kan fetur. Idan matsalar tana nan, ba ta gas ba ce. Idan ta ɓace, a duba filtar gas, da na'urar da ke rage matsin tukunya daga bar 200, wadda sai ruwan lagireto mai zafi yana ratsa ta take aiki daidai, sannan a kwatanta adadin gyaran mai a kan gas da a kan fetur. Ya kamata su yi kusa da juna. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, saboda haka fulogi ko koyil mai rauni yakan fara nuna kansa a kan gas. Yana kuma cin mazaunin bawul a wasu injuna, don haka a riƙa duba tazarar bawul a kan kari. Aikin tukunya da bututunta na cibiyoyin da aka amince da su ne kawai.

Abubuwan da ke kama da ƙarancin mai

Silindar da ba ta kama wuta ba tana tura iskarta salansa ba a ƙone ba, sansa ta ga oksijin ta ce haɗi ya tsinke. Saboda haka kafin a taɓa ma'aunin mai, a tabbatar da fulogi da wayoyinsu da koyil da taimin, a kuma auna matsin kowace silinda. Sansar totur da ta cinye a wuri ɗaya tana sa shaƙewa a daidai wannan wuri kullum. Katalis da ya narke ya toshe yana hana mota gudu kamar yadda mataccen famfo ke yi. Cire tamostat, wanda ya zama al'ada a garejinmu, yana hana inji kaiwa zafin aikinsa da wuri, kwamfuta ta ci gaba da ba da mai mai kauri, sai ya ɓoye tsinkewar da ke ƙasa har sai rana ta take.

Tsarin da ya fi tsimin kuɗi shi ne a fara da abin da ba ya cin ko sisi: tambaya, duba tiyoyi, murfin tanki, kwalbar gwajin mai, fulogi. Sai a wuce ga sikana da agogon matsi. A sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a share abin da kwamfuta ta haddace, a fita gwaji da lodi irin wanda motar ta saba ɗauka. Direban da ya ji ƙwanƙwasa a tudu, ko ya ga allurar zafi tana hawa tare da raguwar ƙarfi, ya sassauta totur ya koma ƙaramar giya, ya nemi gari mafi kusa, kada ya ce sai ya kai Maraɗi ko Katsina tukuna.